Shin Tina da Fenti Suna Iya Rage Wa Mutum Ji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai fentin motoci ne a Suame Magazine da ke Kumasi, kuma na daɗe a cikin sana'ar. Kwanakin nan kunnuwana suna yawan ƙara, kuma idan ana hira a wurin biki ko suna, ina jin muryoyi amma ba na tantance abin da ake faɗa. Shagona ba shi da hayaniya irin ta maƙera da masu walda, shi ya sa wani abokina ya ce warin tina ne, wato ruwan da muke tsinka fenti da shi. Shin haka ne? Daga mai karatu a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar abokinka tana da tushe, ko da yake likita ne kaɗai zai tabbatar da musabbabin ciwonka bayan ya gwada ka. A cikin tina da fentin mota akwai sinadarai irin su tolwin da zailin, waɗanda ke shiga jiki ta numfashi da ta fata, su bi jini har zuwa can cikin kunne, inda akwai wani sashe mai siffar katantanwa da ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti. Idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu ba sa sake tsirowa. Sinadaran suna iya taɓa jijiyar da ke kai sauti ƙwaƙwalwa ma, wanda ke sa mutum ya ji magana amma ya kasa fahimtarta a cikin taro, kamar yadda ka bayyana. Dalmar da ke cikin batirin mota da hayaƙin inji a rufaffen wuri su ma suna cikin jerin abubuwan da ke cutar da ji. A shekarar 2018 hukumomin kula da lafiyar ma'aikata na Amurka sun yi gargaɗi cewa haɗuwar irin waɗannan sinadarai da hayaniya ta fi kowannensu shi kaɗai ɓarna, kuma a Suame, ko shagonka shiru ne, kwampiresa da gudumar maƙwabta ba sa barin kunne ya huta.

Abin da ya fi damuna shi ne dabarun da masu fenti suka dogara da su. Madarar da ake sha bayan feshi ba ta wanke komai daga jini, kuma ƙyalle ko takunkumin ƙura ba ya tare tururin tina. Sai takunkumi mai matatar gawayi, wadda ake sauyawa a kai a kai. Wanke hannu da tina ko fetur kuwa, zuba wa jiki gubar ne kai tsaye, don haka a koma ga safar hannu da sabulu, a yi feshi inda iska ke ratsawa, a rufe gwangwani da zarar an ɗiba. Abin toshe kunne yana rage hayaniya kawai.

Ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin Komfo Anokye a gwada jinka, ka gaya musu sana'arka da kayan da kake aiki da su, da duk wani magani ko allura da ka taɓa karɓa, domin wasu irin su jentamaisin suna taɓa kunne. Idan kana da yara masu koyon aiki, Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa, saboda haka ka tanadar musu takunkumin, kuma ka tafi da su ranar gwajin.