Shin duk mai suna Ma a ƙasar Sin Musulmi ne?

Tambaya: Malam, ina zuwa Guangzhou saro kaya, kuma galibin gidajen abincin halal da nake shiga, sunan mai gidan Ma. Ashe har Jack Ma, attajirin nan da ya kafa kamfanin Alibaba, ɗan'uwanmu Musulmi ne?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, sunan kaɗai ba ya nuna addini. Ma na nufin doki, sunan zuri'a ne da ake gada wajen uba, kuma shi ke zuwa farko: cikakken sunan Jack Ma shi ne Ma Yun. Mace ko ta yi aure ba ta sakin na gidansu.

Manyan tushen sunan biyu ne. Na farko ya girmi zuwan Musulunci nesa ba kusa ba. Wajen shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani sarkin yaƙin daular Zhao mai suna Zhao She ya ci rundunar daular Qin da yaƙi, aka naɗa shi sarautar Mafu. Jikokinsa suka mayar da sarautar suna, daga baya ta gajarce ta koma Ma. Gidaje da yawa na wannan reshe suna danganta kansu da Fufeng a lardin Shaanxi, asalin jarumi Ma Yuan. Suna ajiye littafin nasaba da ake kira jiapu, sannan a farkon Afrilu, ranar Qingming, su je su share kaburburan iyaye.

Na biyun shi ne wanda kake cin taliyarsa. Musulmin ƙabilar Hui da kakanninsu suka zo daga ƙasashen Larabawa, Farisa da tsakiyar Asiya sun ɗauki Ma saboda amonsa ya yi kusa da Muhammadu da Mahmudu. Har karin magana gare su: cikin Hui goma, tara Ma ne. Shahararren jagoran jiragen ruwan nan Zheng He, wanda ayarinsa ya yi tafiya bakwai tsakanin 1405 da 1433 har gaɓar gabashin Afirka, sunansa na yanka Ma He, mahaifinsa kuwa Alhaji ne. Ma Jian, wanda ya yi karatu a Azhar ya fassara Alƙur'ani zuwa Sinanci, shi ma ɗan wannan reshe ne.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne jingming, sunan Musulunci da ahong, wato limaminsu, yake raɗa wa jariri, ko da ba zai hau katin shaida ba. Idan ka koma, yi wa mai gidan abincin sallama ka tambaye shi jingming ɗinsa. Kana iya jin Yusufu ko Isma'ila.