Hukuncin Tilawar Hadda da Amsa Waya a Lokacin Tuƙi

Tambaya: Malam, ni direba ne, ina jigilar kayan gwari daga kasuwar Mile 12 zuwa Agege a Legas. Na saba tilawar haddata a kan hanya, ina kuma amsa waya da abin saƙalawa a kunne. Kwanan nan na kusa banke mai turin baro, domin ban ankara cewa an toshe layin da nake bi ba, alhali idona yana kan titi. Shin da laifi a kaina?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri bisa riƙo da Alƙur'ani. Abin da ya same ka sananne ne: ido yana kallo, amma hankali ne yake gani, kuma idan hankali ya tafi neman ayar da ta kakare, sai canji ya auku a gaban mutum bai farga ba, ko da hannayensa biyu suna kan sitiyari. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka shagalar daƙiƙa biyu ta zarce mita 30, a garin da danfo, wato ƙananan motocin bas na haya, ke tsayawa ba sigina, mai talla kuma yana ratsa tsakanin motoci.

Shari'a ta kula da shagalar zuciya. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, kuma malamai sun yi ƙiyasin yunwa mai tsanani da gyangyaɗi da duk abin da ke dagula tunani a kan fushin. Idan an hana alƙali saboda tsare haƙƙin mutane, to direban da rayukansu ke hannunsa ya fi cancantar wannan hani.

A bisa haka, zikirin da harshe ya saba da shi, kamar tasbihi da istigfari da salati, babu laifi a cikinsa. Amma tilawar da take buƙatar tuno ayoyi masu kama da juna, tun da ka jarraba ka ga tana ɗauke maka hankali, haramun ce a gare ka matuƙar motar tana tafiya, domin tilawar nan mustahabbi ce, tsare rai kuwa wajibi ne, kuma ba a cuta ba a cutarwa. Ina faɗin haka da nauyin zuciya, don ba na son hana mahaddaci karatu, sai dai lokacinsa yana nan bayan Asuba da sa'ad da ake lodi.

Waya kuwa, dokar hanya da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) ke aiwatarwa ta hana amfani da ita a lokacin tuƙi, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta tabbatar da wajibcin bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba. Abin kunne yana sauke wa hannu aiki ne kawai, zancen kuwa yana nan yana cin hankali. Ka gangara gefe ka amsa.

Da ka kashe mai baron nan, da ya zama kisan kuskure ta dalilin sakaci, wanda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta masa diyya da kaffara, wato azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba. Tun da Allah ya tsare, tuba kawai ke kanka. Allah ne mafi sani.