Kayan zaƙin Sallah: an yi ciniki, ina ribar ta shige?

Wata 'yar'uwa ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Hajiya. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a cikin birnin Kano. Duk Sallah nakan yi wa yarana cincin da tuwon madara da gullisuwa, mu baje tire a tsakar gida suna yanka da murfin kwalba, wannan ya yi wata, wancan ya yi tauraro. Maƙwabta suka gani suka fara cewa in yi musu. Ƙaramar Sallar da ta wuce na ɗauki adashina naira 150,000 na zuba, na yi kwana shida ban huta ba, kaya suka ƙare ƙaf. Da na ƙirga bayan Sallah, 140,000 na tarar, sai 35,000 da nake bin mutane har yau. Yanzu ina tunanin in ci bashin 400,000 in sayi obin da miksa, ko aikin zai yi sauri ribar ta fito. Me kika gani?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa wa hannunki albarka, ya raya miki zuri'a. Maganar bashi amsarta gajeriya ce: kada ki ci shi bana. Amma mu fara nemo inda kuɗin bara suka shige, domin randar da take yoyo ba a cika ta da ƙarin ruwa.

Tsakar gidan nan da kika kwatanta na san ta. Saura kwana biyu Sallah, tire yana kan tabarma, tuwon madara bai gama hucewa ba. Babbar tana murza shi da kwalba, mai bi mata ya kifa murfi yana fitar da wata, autan kuma yana bin gefe-gefen da aka yanke yana kaiwa baki, haɓarsa duk ta yi fari. Sai maƙwabciya ta yi sallama, a ce ɗebo mata ta ɗanɗana. Sai a tuna gidan surukai, a cika kwano. Ƙanwar maigida ta zo, a ƙulla mata a leda. Duk wannan alheri ne, shi ne daɗin Sallah, kuma ba zan ce ki daina ko ɗaya ba. Matsalar ita ce bara da jarinki aka yi shi. Tukunya ɗaya ce ta ciyar da gida, ta yi kyauta, ta je kasuwa, kuma ita kaɗai aka tambaya riba.

Bana ki yi tukunya biyu. Ki zauna da maigida tun kafin azumi ya yi nisa, ku ware kuɗin kayan zaƙin gida daga kuɗin cefanen Sallah, kamar yadda ake ware na kaji da na shinkafa. Idan daga buhun sana'a za ki ɗiba, ki auna, ki rubuta, gida ya biya. Ki ba yara ranarsu guda cur: su murza, su yanka, su ɓata, su ci, a yi na surukai da na maƙwabta daga nan. Ranakun oda kuma ranakun aiki ne, an ɗaure kai, an wanke hannu, an rufe kaya daga ƙura da ƙuda, yara ƙanana suna nesa da kaskon mai. Yaro ya fi jin daɗin ranar da ba a kwaɓe masa hannu, ke ma kin fi samun natsuwa ranar da ba kya ƙirga abin da ya shiga bakinsa.

Sai lissafi, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne yawancin matan da suke sana'ar gida suke zubar da guminsu. Ga misali, ke sai ki sa farashin da kika tarar a kasuwa. A ce kwaɓi ɗaya na tuwon madara ya ci madarar gari da sukari na naira 12,000, ya ba ki guda 100. Kika sayar a 150. Goma sun karye ko an ɗanɗana, saura 90, kuɗi ya kama 13,500. Zuciya ta ce an ci ribar 1,500. To ina gas na 1,000? Ina leda da roba da sitika na 1,500? Ina kason kuɗin mota zuwa kasuwa, a ce 500? Ina ladan tsayuwarki a kan wuta, wanda da wata kika ɗauka sai kin ba ta ko da 2,000? Gaba ɗaya 17,000 ke nan. Ashe kowane guda ya tsaya miki a kusan 190, kina sayarwa 150, kina faɗuwar 3,500 a kowane kwaɓi, kuma duk yadda oda ta ƙaru haka ramin yake ƙara zurfi. Obin da miksa za su sa ki riƙa yin wannan faɗuwar da sauri ne kawai. Da a 250 kika sayar, da 22,500 ta shigo, 5,500 ta zama taki.

Na san abin da za ki ce: "Hajiya, mutane za su ce ya yi tsada." Wasu za su ce. Idan unguwarku ba za ta ɗauki 250 ba, ki rage girman yankan ki faɗi gaskiyar girmansa, ko ki sayar a roba ƙarama da babba maimakon ɗai-ɗai. Abin da ban yarda ki yi ba shi ne rage madara ki cika da fulawa a ɓoye. Harshen mai saye ya fi sikeli gane wannan, kuma ba za ta dawo ba.

Ki kuma riƙa sa farashi da kuɗin da za ki sake sayo kayan, ki manta da yadda kika saye su wata biyu baya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yuni, kin ga yadda kayan nan suke motsi. Dalilin a fili yake: yawancin ɗanyen sukarin da kamfanoni irin su Dangote da BUA suke tacewa daga Brazil ake shigo da shi, alkamar fulawa da madarar gari ma yawancinsu daga waje suke zuwa, don haka dala tana tashi buhu yana bin ta. Ga shi kuma goman ƙarshe kowa ya nufi kasuwa. Ki shiga kasuwar Singa tun a Sha'aban ki yi sarin abin da ba ya lalacewa, sukari, madarar gari, leda da roba. Idan buhu mai kilo 50 ya fi ƙarfinki, ku haɗu ku biyu ko uku ku raba.

Wannan 35,000 da kike bin mutane ta dame ni fiye da komai a wasiƙarki, domin a cikinta ne cikon jarinki yake, da ɗan abin da zai zama ladan kwana shidanki. Ki bi ta da lalama, amma ki bi. Daga yanzu kuma babu oda sai da kafin alƙalami, aƙalla rabin kuɗi, cikon ranar karɓa kafin kaya su bar ƙofa. Ki rubuta wa kowace mai oda saƙo a WhatsApp: kaza ne, roba kaza, naira kaza, ranar kaza. Ki sa ranar rufe karɓar oda, misali 20 ga azumi, ki tsaya a kanta. Kunya ce take hana mu faɗa wa 'yar'uwa "sai kin ba da rabi", amma telan da zai ɗinka mata kayan Sallah yana faɗa, kuma tana bayarwa. Ki buɗe asusu daban, ko na waya ne irin OPay ko Moniepoint, wanda kuɗin sana'a kaɗai suke shiga. Kuɗin kafin alƙalamin nan su ne bashin da ya dace da ke: babu ruwa a kansa, kuma ya zo da mai sayensa.

Obin fa? Ki duba abin da kike sayarwa. Cincin da gullisuwa da dubulan da alkaki suya ne. Tuwon madara da iloka da kantu da kwakumeti a tukunya ake yin su. Nakiya aikin turmi ce ko injin niƙa. Babu ko ɗaya da yake jiran obin. Sannan cinikinki na mako biyu ne, bashi kuwa kowane wata yake ƙwanƙwasa ƙofa, har watannin da ba ki kunna wuta ba. Abin da kike buƙata ƙanana ne: sikelin kicin, injin liƙe leda, faffaɗan kasko, da tukunyar gas ta biyu don kada ya yanke miki da tsakar dare. Sikelin ne kan gaba. Gwangwani yana cika yana ragewa gwargwadon gajiyar hannu, kuma mai azumi ba ta son kai abu baki da rana, sai awo ya tsaya mata a madadin harshe.

Ki lura da yanayi ma. Sallah tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara: a 2024 ranar 10 ga Afrilu aka yi Ƙarama, a 2025 kuma 30 ga Maris. Lokacin zafi ne, kayan madara ba sa jure jira a rufe cikin leda. Ki fara da masu daɗewa, nakiya da alkaki da cincin, ki bar na madara sai saura kwana biyu ko uku, kuma kada ki liƙe komai sai ya huce sarai. Ki rubuta ranar da aka yi a jikin kowace roba. Maganar lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, za ta taso ranar da kika nufi manyan kantuna, ki fara tara mata daga riba.

Akwai abin da kika ambata a wucewa wanda ni nake ganin shi ne jarinki na gaske, wato wata da tauraron nan na yaranki. Masu cincin sun yi yawa, amma maƙwabtanki siffar suka gani suka yi sha'awa. Ki yi ƙananan ƙunshi masu guda uku ko huɗu, waɗanda iyaye za su saya da dozin su raba wa yaran da suke zuwa barka da Sallah, ko 'yan tashe daga goma ga wata. Ki kuma gwada haɗin da uwa za ta ƙarasa a gidanta: madara da sukari a auna a ƙulle daban-daban, da ɗan abin yanka siffa, da gajeriyar takardar yadda ake yi. Ba ya cin gas ɗinki, ba ya lalacewa da wuri, kuma wata uwar za ta samu irin yammacin da kike samu da naki yaran. Bayan Sallah kuma, gara tana neman alkaki da nakiya da dubulan, ga suna, ga walimar sauka, ga Maulidi. Su ne za su riƙe ki tsakanin Sallah da Sallah.

Abincin gidan ma yana cikin lissafi. Kwana shidan nan da ba ki huta ba, na tabbata an aiki yaro sayo wani abu fiye da sau ɗaya, kuma daga ledar ciniki aka zaro. Ki soya miyar da za ta kai kwana uku tun kafin ki fara, ki ajiye garin ɗanwake, ki tsince wake. Garau-garau da mai da yaji, dafa-duka, faten dankali, taliya da manja, duk tukunya ɗaya ce, kuma babbar 'yarki za ta iya tsayawa a kai kina kusa.

Kafin Sha'aban ya raba, ki yi kwaɓi ɗaya na gwaji daga kowane irin da kike son sayarwa, ki rage su zuwa uku. Ki auna komai, ki rubuta har ledar da kika ƙulla, ki ƙirga guda nawa suka fito lafiya. Ki aiko min da lambobin, mu sa farashin tare.