Fim ya fito da sunan littafina: an sace mini ne, ko ni za a kai ƙara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce a nan Maraɗi. Bara na gama wani labari da nake saki shafi-shafi a WhatsApp, sunansa kuwa wani karin magana ne da kowa ya sani. Kwatsam sai ga fim daga Kano da wannan suna sak, har da waƙarsa. Ban ma iya kallonsa ba don ɓacin rai. Wasu na cewa an yi mini sata, in fito in tona asiri. Wasu na cewa su za su kai ni ƙara tunda sun fi ni ƙarfi. Wani kuma ya ce in ba shi jika hamsin ya yi mini rajistar sunan a Yamai, duk wanda ya taɓa shi sai ya biya ni. Wallahi barci ya gagare ni.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki riƙe kuɗinki, kuma kada ki rubuta ko kalma ɗaya a Facebook sai kin zauna kin kalli fim ɗin nan daga farko har ƙarshe. Idan labarinsu daban ne da naki, babu wanda ya cuci wani, kuma babu mai kai ki ƙara.

Karin magana gadon Hausawa ne gaba ɗaya. Dokar Faransa, wadda tsarin shari'armu ya ɗauko tushe daga gare ta, ta ce ana kare sunan aiki ne idan sunan kansa ƙirƙirar mai shi ce. A Amurka ma ofishin haƙƙin mallaka cewa ya yi suna kaɗai ba ya shiga wannan kariya. To wa ya ƙirƙiri haƙuri, ko ƙaddara, ko kishiya? Shi ya sa za ki ga littafi da fim da waƙa sun yi karo a suna ɗaya, masu su ba su taɓa jin labarin juna ba. Inda magana ke tashi shi ne mutum ya ɗauko sunan aikin da ya riga ya shahara, ya liƙa wa irinsa da gangan don mai saye ya ruɗe. Naki bai yi kama da haka ba.

Akwai kuma suna ɗaya da labari ɗaya. Shaihu Umar littafi ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim da sunansa. Irin wannan juyi, daga littafi zuwa fim, shi ne ke buƙatar izinin mai aiki ko magadansa. Abin da za ki duba ke nan a fim ɗin Kano: mutanen labarin, yadda al'amura ke bin juna, kalaman da kika saka a bakinsu. Kishiya mai mugunta ko auren dole bai isa hujja ba, kowa na rubuta su.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an kawo mini shi: wai suna ne dukiyar, wanda ya yi wa suna rajista shi ke da aiki. Wannan ƙarya ce, kuma ta yi wa marubuta da mawaƙanmu ɓarna fiye da kowane fim na Kano. Yarjejeniyar Berne ta 1886, ta ƙasashen duniya a kan haƙƙin mallaka, wadda Nijar da Najeriya duka suna cikinta, ta ce haƙƙinki yana tabbata ne da yin aikin kansa, ba sai da wata takarda ko hatimi ba. Abin da ake yi a BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na ƙasa, shi ne ajiye aikin, don ranar gardama a ga wa ya riga wa. Ba a sayar da karin magana a can. Mai neman jika hamsin ɗin nan ki tambaye shi ofishin da zai je da irin rasit ɗin da zai kawo miki, ki ga yadda zai fara kame-kame. Na ga irin takardun da suke kawowa: fotokofi mai tambari dishi-dishi, babu lamba, babu sa hannun kowa. Yarinya ta sayar da ɗan kunnenta ta biya, ta naɗe takardar a ƙasan akwati tana ganin ta tsira.

Illar ba ta tsaya a kuɗi ba. Wanda ya yarda suna ne dukiya, ya yarda ke nan cewa in an sauya suna an wanke sata. Haka ake kwashe labarin marubuciya sukutum daga WhatsApp, a mai da Zainabu ta koma Hadiza, a sa sabon suna, a karanta shi a YouTube ana karɓar kuɗin talla. In ka yi magana a ce maka ai sunan ba ɗaya ba ne. Ita kuma mai labarin tana can tana gadin suna, ba ta ajiye rubutun hannunta ba, wayar da ta fara turawa da ita ta lalace, ba ta da abin nunawa. Wannan ita ce satar gaske, ga ta a gabanmu kullum, mu kuwa muna ta faɗa a kan kalma biyu da kakanninmu suka bar mana kyauta. Har wa yau, masu zuga ki ki fito ki kira wani ɓarawo ba za su raka ki gaban alƙali ba. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 ta tanadi hukunci a kan ɓata suna, kuma kiran mutum ɓarawo ba hujja ɓata suna ne, ko da ranki ne ya ɓaci da gaskiya.

Sunan ƙungiyar mawaƙa shi ne ke da wata hanya daban, don alamar kasuwanci ce. Ana yi masa rajista a OAPI, hukumar kare mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, ta shekara 10 ana sabuntawa, ta kuma shafi ƙasashe 17. Sai dai Najeriya ba ta ciki, don haka takardar ba ta tsallake Ɗan Isa zuwa Jibiya. Mawaƙan Maraɗi da kasuwarsu ke Katsina da Kano su san da wannan.

Ke dai yau ɗin nan ki tattara labarinki wuri ɗaya, ki tura wa kanki ta imel don kwanan wata ya zauna, ki ɗauki hoton saƙonnin farko da kika saki a guruf, ki adana littafin da kika fara rubutawa da biro ko da ya yage. Ki nemi BNDA da kanki, ba ta hannun ɗan tsakani ba. In kin kalli fim ɗin kika tarar labarinki ne aka ɗauka, ki rubuta wuraren da suka yi daidai, shafi da minti, ki kai wa lauya kafin kowa ya ji.