Ki Tambayi Anti: Maigidana Ba Ya Magana, Sai Dai Ya Turo Waƙa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Maigidana direban tirela ne, yana ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano, wani lokacin sai na yi sati biyu ban sa shi a ido ba. Shi mutum ne mara magana, in ya kira waya iyakarsa ya yara, akwai cefane, shi ke nan, amma kullum da daddare sai ya turo min waƙa ta WhatsApp, wata ta soyayya wata ta mawaƙan da, ko kalma ɗaya ba ya haɗawa da ita. Rannan mun samu saɓani kan kuɗin makarantar yara, maimakon ya ba ni haƙuri sai kawai na ga waƙar ban haƙuri ta shigo. Ni kuma yanzu abin ya bi jikina, in bai turo ba ba na iya barci, sai in yi ta juyi ina tunanin ko wani abu ya same shi a hanya. Wannan so ne ko raini? Daga wata uwargida a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ba raini ba ne. Mutumin da ya wuni riƙe da sitiyari, ya zo ya faka a Tafa ko Mararrabar Jos jikinsa duk ya yi tsami, amma kafin ya kwanta a kan mota sai da ya zauna ya duba waƙoƙin wayarsa ya zaɓo guda ɗaya ya ce wannan ta uwar 'ya'yana ce, ai kina ransa.

Kin san yadda aka rene mu. A gidajenmu mace ba ta faɗin sunan miji, uwa tana kunyar ɗan fari, namiji kuma ya taso bai taɓa jin babansa ya ce wa innarsa na yi kewarki ba, toh ina zai koyo? Sai ya ari bakin mawaƙi. Kuma ba yau aka fara ba, tun zamanin zaɓi sonka mutane ke aika kati gidan rediyon Kaduna a karanto sunan wance a sa mata waƙa, duk unguwa ta ji amma su biyu kaɗai suka san ma'anar. Daga nan aka koma kaset, saurayi ya kai wa budurwa a naɗe cikin leda, aka zo zamanin memori da masu tura waƙa a kasuwar waya ta Farm Centre, yanzu kuma data ce kawai. Mu mata ma haka ne, duk wadda ta halarci kiɗan amada ta san abin da ake amayarwa a wurin, marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa da ta rasu a 2013 da kiɗan ƙwarya ta riƙa faɗa wa maza da kishiyoyi maganar da matan kulle ba su iya faɗa a tsakar gida. Su kuma direbobi dama waƙa abokiyar tafiyarsu ce, Shata ya rasu tun 1999 amma har gobe kalangunsa na tashi a tasha, Ɗan Maraya Jos kuwa da ɗan kuntiginsa har yaran mota ya yi wa waƙa lokacin da ba wanda ya ɗauke su a bakin komai.

Amma inda nake tare da ke ɗari bisa ɗari shi ne maganar ban haƙuri. Mawaƙin nan bai san ki ba, bai san nawa ne kuɗin makarantar ba, ba shi ya ɓata miki rai ba, dan haka haƙurinsa ba zai wanke maigidanki ba. Sai dai kar ki tare shi da wannan a waya yana kan hanya. Ki bari ya dawo ya yi wanka ya ci abinci, sannan ki ce masa waƙoƙin nan suna min daɗi amma ran da muka ɓata muryarka nake son ji. Kafin nan in ya turo kar ki saurara ki yi shiru, ki mayar masa da saƙon murya ki ce wane baiti ne ya sa ka tuna ni, mara magana ya fi iya amsa ƙaramar tambaya irin wannan, a hankali bakin zai buɗe. Batun barci kuwa ni a ganina labarin lafiyarsa kike jira, ku yi alkawari duk inda ya faka ya rubuto sunan garin, kuma ki sani akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa a hanyar. Ki roƙe shi kar ya taɓa waya mota na tafiya.

TAMBAYA: Anti ni tela ne a Zariya, tun safe har dare iyafis na kunnena, in babu waƙa ɗinkin ba ya tafiya. Kwanan nan in na cire sai in ji kunnena na ƙara kamar kukan gyare. Akwai matsala?

AMSA: Akwai, ɗana, kuma kar ka yi wasa da ita. Wannan ƙarar alama ce kunnen ya sha wahala, jin da sauti mai ƙarfi ya lalata kuma ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce awa 40 a sati yana sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), in sautin ya ƙaru lokacin raguwa yake sosai. Ku teloli ga keke ga janareta, dole kana ƙure bolum dan ka ji waƙar, nan ɓarnar take. Ban ce ka daina ba, na san da ita kake raba dare lokacin ɗinkin sallah. Ka sayi 'yar sifika ka ajiye a shago, ka matsar da janareta nesa da ƙofa, in dole sai iyafis ka rage har ka iya jin sallamar kwastoma. Sannan ka je asibiti likitan kunne ya gwada jinka cikin satin nan, kar ka ɗiga komai a ciki kafin ya duba.