Amsoshin tambayoyinku: "fast and furious" ba fushi ba ne

Tambaya: Malam, mai sharhin ƙwallo ya ce ƙwallaye suna ta shiga raga "fast and furious", abokina ya ce ma'anarsa sauri da fushi. Haka ne?

Ɗana, abokin naka ƙamus ya buɗe ya ɗauki ma'anar farko ya rufe, kuma wallahi wannan ɗabi'ar tana damuna, har a rediyo nakan ji ta. Wa ke fushi a nan, ragar ko ƙwallon? Abin da Bature ke nufi abu na ta zuwa a guje, da ƙarfi, wani na bin wani ba numfasawa. Mu ma ai mukan ce wasa ya yi zafi alhali ba wanda ya kunna wuta.

Matasa sun ɗauka daga fim ɗin tseren motocin nan na Amurka na 2001 maganar ta fito, ina! Tana cikin waƙar Robert Burns, mawaƙin Sikotland, da ya rubuta a 1790, inda wani manomi ya sha ya yi tatul, yana komawa gida kan goɗiyarsa cikin dare ya leƙa wani kangon coci ya hangi mayu suna rawa, rawar da shewar suka yi ta ƙaruwa "fast and furious". To ka gani, nishaɗi ne ma ake siffantawa tun farko.

Kuma abin da ke ƙona min rai, Hausa ba ta rasa nata ba. Ana yi ba kama hannun yaro. Ba ji ba gani. Ba ƙaƙƙautawa. Ni dai na farkon na fi so, ka tuna shagon tela daren jajiberin salla, keke na kuka, dutsen guga na kan gawayi, mutum biyar a tsaye kowa na jiran kayansa, telan ko ɗago kai bai yi ya amsa sallama. Wannan shi ne ba kama hannun yaro, kuma ya ɗauke ma'anar Turancin tas.

Tambaya: "Kamar da bakin ƙwarya" zai iya maye gurbinsa?

In ruwan sama ne, ƙwarai. Amma yawa yake nunawa fiye da sauri, kar a liƙa shi ko'ina.

Tambaya: "Kan ka ce kwabo" fa?

A'a 'yata, wannan abu ne da ya faru farat ɗaya ya wuce, wancan kuwa ana cikin yinsa ne.