Gonar Kadawa ba ta mutu ba, feshi ne ya wuce ƙima

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12 a nan Legas, amma asalina mutumin Kura ne. Mahaifinmu ya bar mana gona a kwarin Kadawa, ƙanina ke nomawa, ni ke aika kuɗi. Kowace shekara kuɗin magani ƙaruwa yake yi, kwandunan da ake cirewa suna raguwa. Yanzu ya ce ƙasar ta mutu, mu sayar. Wallahi abin ya hana ni barci, gonar gado ce. Da gaske ta gama?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ku sayar a kan wannan dalili.

Kakanninku sun noma fadamun kogin Kano da jigo, guga-guga suke ɗebo ruwa suna ba albasa da alkama, tun kafin gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Daga nan ruwa ya riƙa gangarowa da kansa ta magudanai zuwa Kura da Bunkure da Garun Malam. Alkama hukuma ta fi so da farko, manoma suka karkata ga shinkafa da tumatir, har Kwanar Gafan ta zama wurin lodin motocinku. Kwarin yana da nasa ciwo: kachala tana toshe magudanai, inda ruwa ya kwanta kuma kanwa takan taso. Ka sa ƙaninka ya duba, in ƙasa ta bushe ya ga farin ɓurɓushi a samanta, to a gyara hanyar fitar ruwa. Amma gonar da kuɗin maganinta ke hawa kullum, ƙwari ne suka fi ƙarfin mai ita.

Zargina yana kan Sharon, tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta. Kai ma ba ka manta 2016 ba, shekarar da ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Jigawa, masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa ta tsaya, kwando ya gagari mai saye a Mile 12.

Ga abin da nake fama da shi kusan kowace rana. Manomi ya yi feshi, tsutsa ba ta mutu ba, sai ya koma wurin mai shagon magani. Shi kuwa, wanda ko takardar jikin kwalba ba ya iya karantawa, sai ya ce, “Ai maganin bai ji ba ne, ninka murfi, ka haɗa da wannan da wancan.” Sai ka ga an juye kala uku a famfon feshi ɗaya, wani har da fiya-fiya, yaro ya goya a baya ba takalmi ba abin rufe hanci, ruwan yana ɗiga masa a gadon baya. Haba jama'a! Wannan tsutsa a cikin ganye take zaune. Ɗaga ganyen ka haska shi da rana, za ka ga tabo fari kamar takardar da mai ya taɓa, tsutsar tana ciki da baƙin kashinta. Maganin da ke tsayawa a saman ganye ba ya iske ta, ko ka ninka sau goma. Abin da kake kashewa ƙwarin da ke cin ta ne, da ƙudan zuma. A cikin wata guda take zagayowa daga ƙwai zuwa malam-buɗe-littafi, mace ɗaya tana iya saka ƙwai sama da 200. Waɗanda suka tsira daga feshin yau su ne iyayen gobe, 'ya'yansu kuma da juriyar maganin ake haifarsu. Wato da kuɗin da kake aikawa daga Legas ake renon tsutsar da ba ta jin magani. Malaman gona da ya kamata su bi gona-gona su faɗi wannan sun yi ƙaranci, an bar manomi a hannun ɗan talla.

Ku ma dillalai da naku. Kuna karya farashin kwandon da ke da tumatir mai huda, shi ya sa manomi ke feshi yau ya tsinka gobe. Kafin maganin ya gushe mota ta iso Legas, ya shiga miyar mutanen Agege da Idi-Araba, har da ta gidanka. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015. Ran mutane ne, Alhaji, za a tambaye mu.

Bana ka ce wa ƙaninka ya hutar da gonar daga tumatir, ya sa alkama ko masara ko albasa. Tsoffin itatuwan tumatir a tattara a ƙone ko a binne da zurfi, kada a zube su a bakin kwalbati. In ya dawo tumatir, ya fara da irin dashe mai tsabta, ya kafa tarkon ƙamshi, wanda ke jawo namijin ƙwaron da ƙamshin macen, don ya san ranar da malam-buɗe-littafin ya shigo, ya riƙa sauya jinsin magani mai rajistar NAFDAC a ma'aunin da aka rubuta, ya kuma jira kwanakin da takarda ta ce kafin tsinka. Kafin ka sake aika ko sisi, ya turo maka hoton ganye da na kwalaben da ya yi feshi da su, ka turo mini in gani.